Mai Sallar Yamma

Ranar da ɗana Adnan ya dawo daga jami'a ya ce mini Malam Datti ya sauka a Kuala Lumpur, ina zaune a gidansa a birnin ina gyaran alayyafo. Ban ɗaga kai ba. Na ce, "Wane Dattin?"

"Umma, kin san wanda nake nufi. Ɗansa Ubaidullah ne ya gama digirin digirgir, ya zo bikin yaye su. Ƙungiyarmu ta 'yan Najeriya za ta kai baƙi yawon buɗe ido ranar Asabar, kuma bana ni ne shugaba. Don Allah..."

"Don Allah me?"

"Don Allah ki yi zamanki a gida."

Da bai roƙa ba, wataƙila da na zauna, don gwiwoyina ba sa son mota. Amma da ya roƙa sai na ce wa matarsa Khaulah ta goge mini lafayata mai ruwan toka.

Bari in faɗa muku abin da ke tsakanina da Datti. Ni malamar labarin ƙasa ce, na koyar a makarantar 'yan mata ta garinmu tun ina da ƙuruciya. Wata rana na shiga aji da lemon zaƙi, na ce wannan ita ce duniya. Na soka tsinken ashana a jikinsa na ce nan ce Makka. Na nuna musu inda muke, na ce mu da muke yamma da Makka shi ya sa muke fuskantar gabas, kuma ma ba gabas sak ba, da ɗan karkata arewa. Na juya lemon na ce su kuwa Musulmin da ke can gabas da Makka, yamma suke kallo idan za su yi salla. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Muka ɓare lemon ma muka sha.

Wata yarinya ta kai labarin gida. Zuwa Juma'a ya isa kunnen Datti, wanda a lokacin saurayi ne sabon rawani, yana da lasifika da yake ɗaurawa a bakin kasuwa yana wa'azi. Ya ce akwai wata mata da boko ya juya wa ƙwaƙwalwa, tana koya wa 'ya'yan Musulmi su juya wa Ka'aba ƙeya. Bai ambaci sunana ba, sai ya raɗa mini sabo: Mai Sallar Yamma. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu. Hukuma ba ta tambaye ni ba, ta tura ni wata makarantar ƙauye. Mahaifiyata, wadda ba a biki ko suna a unguwarmu babu ita, ta daina fita, saboda ko ina ta zauna sai ta ji ana raɗa. A haka ta rasu. Adnan kansa ya sha dambe a firamare a kan ana ce masa ɗan Mai Sallar Yamma, ko da yake yanzu ya fi son ya manta.

Ana cewa idan mutum ya tsufa zuciyarsa tana sanyi. Ban san wanda ya auna ba. Tawa dai tana nan yadda na ajiye ta.

Ranar da na fara kwana a gidan Adnan a unguwar Pantai Dalam, na ga kibiya kore a manne a silin, an rubuta kiblat, wato alƙibla. Na ciro ƙaramin kamfas ɗina na koyarwa, na ɗora a tafin hannu. Yamma, da ɗan karkata arewa. Na zauna a bakin gado na yi ta dariya har Khaulah ta shigo da ruwa, ta ɗauka gajiyar jirgi ce ta taɓa ni.

Yawon na ranar Asabar na bin sawun wani tsohon malamin falaki ne, wato masanin tafiyar rana da wata da taurari, wanda mutanen wurin suke kira Tok Bintang, Kakan Taurari. Bas ta ɗauke mu, ta biya Sri Petaling ta kwashi wasu ɗalibai da matansu, sannan ta wuce Danau Kota inda Ubaidullah ya sauki iyayensa. Na hango Datti tun kafin ya hau. Ya yi ƙiba, gemun ya yi fari fat, ga sanda mai kan azurfa. Bayansa matarsa Hajiya Turai, riƙe da waya a kan wani ɗan ƙarfe, tana ɗaukarsa. Ashe lasifikar ta koma waya. Duk inda ya sa ƙafa sai an haska shi kai tsaye mabiyansa na gida su kalla.

Ya bi kujeru yana amsa gaisuwa har ya iso kaina. Ya tsaya, ya ƙanƙance ido.

"A'a. Malama Uwa? Ashe kina raye."

"Ina nan, Malam. Ban ga dalilin gaggawa ba."

Ya yi dariya irin ta manya, wadda ciki ke yi kafin baki. "To madalla. Har yanzu ana sallar yamman?"

Na ce, "Kullum sau biyar."

Samarin da ke kusa suka kwashe da dariya. Wani ya ce, da salon maganar 'yan ƙasar, "Kai, Malam ya iya barkwanci, lah." Su a zatonsu zancen alƙiblar ƙasar yake yi, ya lura da ita yana tsokana. Har Adnan na ga ya saki ajiyar zuciya. Ni kaɗai na ga fuskar Datti da kyau. Babu abin da ya lura da shi. Tun da ya sauka, inda aka shimfiɗa masa darduma nan yake tsayawa, inda sahu ya kalla nan yake kallo. Ban ce bai taɓa karantawa a littafi ba, mutumin da ya je Makka ya fi a ƙirga. Amma sanin bai sauko ƙafafunsa ba. Na gyara zama, na ji ciwon gwiwar ya ragu.

Zangon farko wani gidan katako ne a kan dogayen ƙafafu, a wata tsohuwar unguwa da benaye masu gilashi suka yi wa zobe. Jagoranmu wani dattijo ne ɗan ƙasar mai suna Najib, yana bayani da Turanci, Adnan yana fassara wa baƙi. Ya nuna mana wani katako mai siffar rubu'in faifai, an yi masa zane-zane, zare na rataye da ɗan dalma a ƙarshensa. Da shi Tok Bintang yake auna tsayin rana ya fitar wa mutane lokutan salla. Wannan kam na tsaya na dube shi sosai. Aikin mai haƙuri ne, kowane layi an ja shi da hannu, kuma babu wanda ya kauce.

Datti ya sa Turai ta matso da waya. "Jama'a ku gani. Malaman da ke nan. Babu boko, babu digiri, amma Allah ya buɗe musu sama." Ya kama katakon a juye, zaren ya kwanta a hannun rigarsa. Najib ya karɓa cikin ladabi ya mayar da shi mazauninsa.

Zango na biyu rijiya ce a bayan wani ƙaramin masallaci. Najib ya ce ana faɗa wai Tok Bintang yakan leƙa cikinta da tsakar rana ya ga taurari a ruwan. Kowa ya ce Allahu Akbar. Na ba Khaulah jakata, na dafa bakin rijiyar na leƙa. Na ga fuskata, na ga gajimare, na ga wata robar ruwa tana yawo.

Na ce wa Najib da Turanci, "Wannan labarin na taɓa jin sa a kan rijiyoyi da yawa, a ƙasashe da yawa. Mutumin da ya ja waɗancan layukan ba ya buƙatar a yi masa ƙarin gishiri."

Ya yi murmushi ya ce, "Boleh, Hajja, boleh," wato ya yarda ba don ya yarda ba.

Datti ya ce wa wayarsa, "Kun ji ta ko? Malama ke nan. Ba ta yarda da komai ba sai an zana mata a allo. Haka take tun muna yara."

"Ba mu yi yarinta tare ba, Malam. Na girme ka."

Adnan ya matso ya raɗa mini, "Umma, don girman Allah." Na ce masa ruwa nake so.

Zangon ƙarshe wani tudu ne a gefen gari, ta wajen Gombak. A samansa akwai dakalin dutse inda aka ce Tok Bintang yakan zauna da almajiransa idan wata ya kusa kamawa, suna jiran jinjirin wata. Matattakalar tana da tsawo. Na hau ina hutawa, Datti na bayana yana haki, kowannenmu ya ƙi yarda ɗayan ya gan shi a zaune. Da muka kai, sai ga birnin duka a shimfiɗe, benaye sun yi cirko-cirko cikin hazo. Hadari ya rufe sama ruf, irin na ƙasar nan da ke haɗuwa kowace yamma, ba ka sanin inda rana take.

Shirin shi ne a jira faɗuwar rana a nan. Da aka kira la'asar, sai Adnan ya ce matasa su sauka surau, ɗan masallacin da ke gindin tudu, su yi salla, su kuma yo tapau, wato su ƙullo abinci a shagon masu abinci da ake kira mamak su hauro da shi. Najib ya bi su. Datti ya dubi matattakalar ya ce shi kam yana da alwala, kuma wace falala ta fi mutum ya yi salla a inda bawan Allah ya yi ta tsayuwa? Na ce ni ma gwiwata ba za ta yi sau biyu ba. Adnan ya dube ni, ya dubi Datti, ya yi kamar zai zauna. Na ce, "Je ka mana, shugaba. Turai na nan."

Suka sauka. Muka rage mu uku da iska.

Datti ya yi wa mabiyansa ɗan wa'azi a kan muhimmancin kiyaye lokaci. Sannan ya warware dardumarsa, ya ɗaga kai yana neman rana, bai same ta ba. Turai ta ce, "Malam, ko in duba a waya?"

"Kin taɓa ganin na nemi Ka'aba a waya? Riƙe abinki daidai." Ya juyo gare ni yana murmushi, ya ɗaga murya don na gida su ji. "Ga malamar taswira muna da ita. Malama Uwa, taimaka mana da bokon nan. Ina gabas?"

Duk Bahaushe ya san abin da yake nufi. Ni ma na sani. A wurinmu gabas da alƙibla kalma ɗaya ce, har gawa idan an kwantar cewa ake a fuskantar da ita gabas. Ba zan ce ban fahimce shi ba, ban saba ƙarya ba kuma ba zan fara da tsufa ba. Amma na yi lissafina a tsaye. Wanda ya yi ƙoƙarin neman alƙibla ya kuskure, sake sallar zai yi muddin lokaci bai fita ba, kuma la'asar yanzu ta shiga. Sallarsa ba za ta salwanta ba. Abin da zai salwanta daban ne, kuma shi nake nema.

Na ciro kamfas daga jaka, na ɗora a tafin hannu, na bar allurar ta natsu. Na miƙa hannu.

"Can ne gabas."

"Tabbas?"

"Gabas sak. Ko a gaban alƙali."

Ya shimfiɗa darduma, ya juya wa dakalin Tok Bintang baya, ya gyara rawani, ya ɗaga hannuwa ya kabbara.

Na samu gefen dakalin na zauna. Ban taɓa jin daɗin kallon mutum yana salla irin na ranar ba, Allah ya yafe mini wannan, sauran kuwa ni da Shi. Datti ya tsawaita tsayuwa, kasancewar ana kallo. Turai ta matso kusa da ni a hankali, wayar na kansa, ta rufe wajen maganar da yatsa.

"Malama," ta ce ƙasa-ƙasa, "ba a nan ne kika ce yamma suke kallo ba?"

Na dube ta da kyau a karo na farko. Na cire mata shekaru da ƙiba da gilashi, sai ga wata 'yar siririya mai zama a layin taga.

"Turai Sule? Ke ce?"

"Ni ce, Malama. Ni na ci ɓawon lemon, kika ce zai ɓata mini ciki."

"To kin ji tambayar da ya yi, kin ji amsar da na ba shi."

Ta dubi bayan mijinta, ta dubi wayar. Na zaci za ta yi gyaran murya ko ta tafa hannu. Sai ta janye yatsanta, ta gyara riƙon da hannu biyu, ta ɗan ja baya yadda dakalin da birnin da Malam za su fito gaba ɗaya. Ban tambaye ta dalili ba. Mace ba ta yin shekaru tana riƙe wa mutum waya ba tare da ta tara nata ba.

Rubutu ya fara gudu a fuskar wayar. Da fari masha Allah ne da addu'o'i. Sannan wani ɗalibi da ke zaune a ƙasar ya rubuta cewa kamar Malam ya ba alƙibla baya. Wani ya ce masa ya ji tsoron Allah, shi wa ye da zai gyara wa Malam. Wani ya ce ai ga dogayen benayen can, ya san wurin, wallahi gabas Malam yake kallo. Wani daga gida ya ce to da ina zai kalla, jahili? Kafin Datti ya kai raka'a ta uku, faɗa ya kaure, Turai tana karanta mini da gefen baki.

Sai muka ji gudu a matattakala. Ubaidullah ne, takalmi ɗaya a ƙafa, waya a hannu, Adnan na binsa, sauran na biye da ledojin abinci.

"Baba! Subhanallah! Baba, subhanallah!"

Datti bai katse ba. Ina jin ya ɗauka raka'a ya manta, don har ya ƙara sujada biyu bayan sallama. Sannan ya juyo fuska a murtuke.

"Wane irin rashin tarbiyya ne wannan? Ina salla kana ihu?"

"Baba, alƙiblar... nan ce." Yaron ya nuna bayansa. "Yamma ake kallo a nan."

"Yamma."

"Eh, Baba. Mun wuce Makka ai. Tun da ka zo haka kake yi, a gida ma, a masallaci ma."

Na ga maganar ta shige shi a hankali, kamar ruwa a busasshiyar ƙasa. Ya dubi dardumar, ya dubi jama'ar da suka cika tudun suna haki. Sannan ya dube ni.

"Kin yaudare ni."

"Me ka tambaye ni, Malam?"

"Kin san abin da nake nufi!"

"Na sani. Ni ma ka san abin da nake nufi a wancan lokacin, da ka so sani. Aji na nan, ƙofa a buɗe, ba ka zo ka tambaya ba. Kasuwa ka tafi." Na nuna wayar. "Mutanenka sun ji. Gabas ka ce, gabas na ba ka."

Adnan ya ce, "Hajiya Turai, don Allah a kashe wayar nan."

Turai ta ce, "Malam ya hana ni kashewa sai ya ce."

Datti ya buɗe baki zai ce, sai ya fasa. Ba wawa ba ne. Ya san idan hoton ya yanke a nan, abin da zai yi ta yawo a gida shi ne Malam ya ba Ka'aba baya, ɗansa na ihu. Dole ya sake sallar, kuma dole a gan shi. Ya sunkuya da kansa ya ja dardumar, ya juya ta. Hadarin ya ɗan yage daga can ƙasa, hasken rana ya faɗo masa a fuska sosai, har ya kare da hannu.

Kafin ya kabbara ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, murya ƙasa, "Malama, abin da ya wuce ya wuce. A yafi juna."

"Ban ji ba."

"Na ce a yafi juna."

"Ni ban yi maka komai ba sai amsa tambaya. Kai kuwa a lasifika ka yi naka. Ga lasifika nan a hannun matarka."

Adnan ya kama hannuna, na zare. Ubaidullah ya sunkuyar da kai, shi kam ya ba ni tausayi, ranar murnarsa ce ta kawo su. Amma ni ma Adnan ɗina yana da ranaku, an ɓata su.

Datti ya gyara rawani. Sannan ya fuskanci wayar, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, a wannan ƙasa alƙibla tana yamma. Kuskure ne na yi, zan sake. Malamai sun yi bayani cewa..."

"Wa ya fara gaya maka?"

Ya haɗiye yawu. "Wata malama ta taɓa faɗa a garinmu."

"Tana da suna. Ba wanda ka raɗa mata ba, wanda ubanta ya yanka rago ya sa mata."

"Malama Uwa Abdulwahidu," ya ce. "Ta faɗa, na ƙaryata ta a bainar jama'a. Ita ce da gaskiya."

Ya juya da sauri ya kabbara, kamar mai gudun kada in ƙara wani abu. Ina da abin ƙarawa kuwa, sunan mahaifiyata na bakina. Amma mutum ya riga ya shiga salla, kuma ita ba ta da waya a inda take.

Samarin suka tsaya cirko-cirko da ledojinsu, sun rasa ko su zauna ko su koma ƙasa. Khaulah ta matso ta ce, "Umma, ke fa ba ki yi taki ba. In shimfiɗa miki a bayansa?"

Na ce, "A'a. Bari ya idar tukuna. Ina so in ga raka'a huɗun nan da idona."

Adnan bai yi mini magana ba har muka sauka daga tudun, bai kuma yi mini a mota ba. Na ci shinkafata da ke cikin leda tun tana da zafi, na roƙi Khaulah ta ba ni ragowar tata.